'Yanci Ba a Cikin Jirgin Ruwa Yake Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasunmu duk sa'ad da aka tayar da zancen gidajen rediyo. Cewa suke yi gwamnati ita kaɗai ce sarƙar da ta ɗaure bakin mai gabatar da shiri, in ta janye hannunta ta bar wa 'yan kasuwa fili, shi ke nan 'yanci ya samu. Hujjarsu kuwa kullum ɗaya ce, watau labarin rediyon 'yan fashin teku na ƙasar Ingila da shahararren ɗansu John Peel. Mu ba mu yarda ba. Kuma da wannan labari nasu za mu kafa tamu hujjar, gama sun karanta shi ne a gurguje.

Ga yadda abin ya kasance. Kafin 1964 BBC ce kaɗai ke da izinin watsa shiri ta rediyo daga cikin Ingila, kuma akwai yarjejeniya tsakaninta da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa wadda ta ƙayyade sa'o'in da za ta riƙa sa faifai. Samari na son sabon kiɗa, ba su samu. Sai wani ɗan Ailan, Ronan O'Rahilly, ya ɗora na'urar watsa shiri a kan jirgin ruwa, ya girke shi a wajen iyakar ruwan ƙasar inda doka ba ta kai ba. Radio Caroline ke nan, wadda ta fara aiki a watan Maris na 1964. A ƙarshen shekarar Radio London ta biyo baya a kan jirgin Galaxy, daura da gaɓar Essex.

To, su wa suka kafa Radio London? Attajiran Texas ne na ƙasar Amurka. Ba gwagwarmaya ta kawo su teku ba, riba ta kawo su. Tsarinsu shi ne waƙoƙi arba'in da ake yayi, a yi ta juya su daga safe har dare, tsakani kuma a cika da talla. Mai gabatarwa ba shi da ta cewa, abin da aka miƙa masa shi zai sa. In wannan ne 'yanci, ashe ɗan aike ma ɗan kansa ne.

John Peel, wanda ainihin sunansa John Ravenscroft, an haife shi a 1939 kusa da Liverpool. Ya yi shekaru yana aikin rediyo a Amurka kafin ya komo gida a 1967 ya shiga wannan jirgi. Aka ba shi lokacin da babu mai so, daga sha biyun dare zuwa ƙarfe biyu. Da ya lura manyan gidan suna barci a wannan lokaci, sai ya ture jerin waƙoƙin da aka ba shi, ya daina ko in kula da talla, ya shiga sa abin da kunnensa ya yarda da shi, yana karanta waƙe da wasiƙun masu sauraro. Ya raɗa wa shirin suna The Perfumed Garden. A lura da kyau: ba masu jirgi suka ba shi wannan dama ba. Sata ya yi musu, sa'ad da idonsu ya rufe. Shirin ma 'yan watanni kawai ya yi, domin majalisa ta kafa doka ta hana 'yan ƙasa aiki ko talla a irin waɗannan jirage, Radio London ta rufe ran 14 ga Agusta 1967.

Abin da 'yan'uwanmu ba su son a ambata shi ne abin da ya biyo baya. Ran 30 ga Satumba na wannan shekara BBC ta buɗe Radio 1, ta kwashe 'yan fashin jiya ta ba su aiki, har da Peel. A nan, a gidan da jama'a ke biyan kuɗin tafiyar da shi, gidan da babu talla, ya yi shekara 37 yana abin da ya ga dama. Ba don shugabannin gidan suna ƙaunarsa ba; sau da yawa an rage masa lokaci, an tura shi can cikin dare. Amma ya sami masu shirya shiri irin su John Walters da suka tsaya masa, kuma babu wani mai sabulu ko mai lemo da zai ce a cire waƙa don ba ta sayar da hajarsa. Har ita waccan ƙa'ida ta ƙayyade faifai ya mai da ita alheri: tun da ba a sa faifai da yawa, sai a kira makaɗa su zo su yi sabon ɗauka a ɗakin BBC. Ta haka aka yi ɗauka wajen 4,000 da makaɗa fiye da 2,000, da yawansu ba wanda ya san su a lokacin.

Mutumin yana da abubuwan da ya ƙwallafa rai a kansu. Ƙungiyar ƙwallo ta Liverpool ta shiga jininsa har ya sa wa 'ya'yansa sunayen Anfield da Dalglish da Shankly. Amma babbar sha'awarsa sauraro ce. Matasa kan aiko masa da kaset buhu-buhu, yana zama yana ji. Ya sa kiɗan rege na Jamaika sa'ad da wasu masu sauraro ke aiko masa da wasiƙun zagi saboda wariyar launi. Ya sa Bhundu Boys da Four Brothers na Zimbabuwe a tashar da aka gina don samarin Turawa. A 1978 wata waƙa ta wasu yara daga Derry ta burge shi, ya sa ta sau biyu a jere. Wane ɗan kasuwa ne zai lamunci wannan?

Kada a ce mun mai da shi waliyyi. A 1965 a Texas ya auri yarinya 'yar shekara 15, kuma ya yi maganganu marasa daɗin ji game da 'yan mata ƙanana, abin da ya ɓata sunansa bayan mutuwarsa a Peru a 2004. Ba mu wanke shi ba. Aikinsa muke aunawa, da yanayin da ya bari aikin ya yiwu.

Mu komo gida. Tun dokar 1992 aka buɗe wa masu zaman kansu ƙofar rediyo a Nijeriya, tashoshi suka yawaita, kuma ba mu musun an ƙaru, musamman a shirye-shiryen siyasa. Amma wanda ya murɗa akwatinsa da daddare ya faɗa mana tsakani da Allah: waƙa nawa ya ji wadda mai gabatarwa ya zaɓa don ta yi masa daɗi, ba don yayi ko don an sayi fili ba? Yaron da ke kukuma a ƙauye, wanda ba shi da ubangida ba shi da kuɗin sayen minti goma, ta wace ƙofa zai shiga?

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya, in za su kai kuka ga hukumar jami'a game da rediyon makaranta, su bar zancen neman masu talla tukuna. Su nemi a ware sa'a biyu kowane dare, ba talla, ba jerin waƙa daga ofis, a damƙa wa ɗalibin da aka san shi da kunne, a kuma buɗe akwati a bakin ƙofa inda duk mai sabuwar waƙa zai jefa tasa.