Ambiriyaj na tsere ba maganin lodi ba ne



Yau a kan ambiriyaj za mu tsaya, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira kuloci. Wani zai ce mi ya haɗa ma'aikatan rediyo da zancen gareji? To, motar da ke kai albasa Madawa da safe, ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Buza in dare ya tsala. Ranar da ambiriyaj ya mutu a tsakiyar hawa, ba mai mota kaɗai ke shiga uku ba.

Kowa ya sani, motocinmu kaɗan ne sunka rage yadda kamfani ya ƙera su. Hiace, Hilux, tsohuwar Land Cruiser, har 504 da ta ƙi mutuwa: an ƙara lam a baya, an ɗaura ƙarfen kaya a bisa, an sa manyan tayoyi, wani ma ya cire inji ya sa wanda ya fi shi ƙarfi. Ba a jimawa sai disk ya fara zamewa, wari ya tashi. Nan ne za ka ji ana cewa a nemo irin na motocin tsere, wanda samari ke gani a Facebook da TikTok, wai shi ba ya ƙonewa. Mu dai ra'ayinmu, wannan shawara tsada gare ta.

Ga dalili. Disk yana zaune ne tsakanin volan na inji da plato mai matse shi. Na yau da kullum fuskarsa zagaye take cikakkiya, da siririn sifirin a tsakiya masu shanye girgiza. An yi shi ya ɗan zame lokacin tashi, don mota ta ɗaga a hankali. Na tsere kuwa fuskarsa gutsattsari ne huɗu ko shida na ƙarfe da seramik, wani ba shi da sifirin ko ɗaya. Yana jure zafi, gaskiya ne, amma kamunsa ɗaya ne: ko ya saki, ko ya cafke. An ƙera shi don filin da mota za ta tashi sau ɗaya ta yi ta gudu.

Mu kuwa ina muke tuƙi? Shiga Madawa ranar kasuwa, ko Galmi lokacin kwasar albasa, ko tashar Tawa. Kabu-kabu a dama, amalanken jaki a hagu, yara na tsallaka titi. Ka taka, ka saki, ka taka, ka saki. Da disk mai cafka, mota za ta riƙa zabura tana mutuwa, kuma zabura ɗaya ta isa ta bugi mai babur da ke gabanka. Plato mai tauri kuma ƙafar direba yake ci. Mai mota ne ke zaɓe a kanti, amma gwiwar direba ke biya daga safe zuwa magariba.

Akwai abin da ba a faɗi a bidiyo. Ƙarfin da disk ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake ba. Yana wucewa cikin akwatin bitas, da kardan, da fon na baya, fuskar volan kuma ta cinye. Disk shi ne mafi araha a jerin nan, don haka gara shi ya ƙare. Tun da iyakar Benin ta rufe bayan 26 ga Yuli 2023, kayan gyaran da ke biyowa ta Kotonu sun ƙara wuya da tsada. Wa zai so ya tsirar da disk ya kashe akwatin bitas a irin wanga lokaci?

Direbobi na da hujjarsu, kuma mun ji ta. Sun ce ƙasar Adar duwatsu ne da kwari da yashi, disk na gama-gari wata nawa yake yi? Haka ne. In da gaske an ƙara wa inji ƙarfi, to ambiriyaj ma sai an ƙara. Amma akwai matsakaici: disk mai cikakkiyar fuska da sifirin, irin na motocin ɗaukar kaya, da plato da ya ɗara na asali kaɗan. A dubi injin da ke cikin motar yanzu, ba wanda ke rubuce a kart giris ba. Kamfanoni irin su Aisin, Exedy da Valeo sanannu ne, sai dai jabunsu ma na yawo, a buɗe kwali gaban makaniken da aka amince da shi kafin a biya.

In an sauke akwatin bitas, a canza disk da plato da bute gaba ɗaya, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu. A duba fuskar volan, a duba ko mai na ɗiga, domin mai in ya taɓa disk, sabo ma zamewa zai yi. Sabon disk a lallaɓa shi kilomita kamar 500 kafin a ɗora masa kaya mai nauyi. Mai son sanin lafiyar nasa, ya sa babban bitas yana tafiya a hankali, ya taka totur. In inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, lokaci ya yi. Kuma don Allah a daina ɗora ƙafa bisa feda ana tafiya, a daina riƙe mota da ambiriyaj a kan hawa, birkin hannu na nan.

Saura maganar da ba a so. Mafi yawan disk da ke ƙonewa a hanyar Madawa zuwa Buza da Keita lodi ne ke ƙona su. Buhuna a bisa, mutane a kan buhuna, awaki a ƙarƙashin kujera. Warin disk gargaɗi ne mota ke yi. In ka sa wanda ba ya wari, gargaɗin kawai ka toshe, nauyin na nan, kuma birkin da zai tsayar da shi a gangara bai ƙaru ba. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshinmu su ne sunka fi kowa ikon cewa buhun nan ya jira mota ta gaba. Mu fasinjoji ma mu rage matsa wa direba ya cusa mu alhali muna ganin mota ta durƙusa.

Direbobi da makanikai, ku kun fi mu sanin ƙarfe, muna sauraren ku. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.