Fa'idodi da Illolin Fassara Hotunan Duniyar Mars: Daga Fuskar Zuma Zuwa Fuskar Sidoniya

Duk wanda ya saba shigowa Abuja ta hanyar Kaduna ya san wurin da ake tashin yara daga barci a mota, a ce musu: "Ku leƙa, ga Zuma can, kun ga idanunsa?" Dutsen yana kusa da Madalla, a jihar Neja, dab da iyakar birnin tarayya, kuma shi ne a bayan tsohuwar takardar naira ɗari. A jikinsa akwai wasu tabo da ramuka waɗanda ido ke harhaɗawa su zama fuskar mutum. Babu wanda ya hau ya sassaƙa su. Ruwan sama ne da zafin rana suka yi ta cin dutsen, sauran aikin kuma idonmu ya ƙarasa.

Irin wannan ta taɓa faruwa da duniya baki ɗaya. Ranar 25 ga Yulin 1976 kumbon Viking 1 na hukumar NASA ta Amurka, yana zagaya duniyar Mars yana neman inda ɗan'uwansa Viking 2 zai sauka, ya ɗauko hoton wani yanki mai suna Sidoniya. A cikin hoton sai ga wata fuska mai tsawon kusan kilomita 2 tana kallon sama. Masanan hukumar sun ce inuwa ce kawai, amma wa ya saurare su? Aka rubuta littattafai, aka yi fina-finai, aka ce wata al'umma ce da ta shuɗe ta gina ta. Sai a 1998, sannan a 2001, wani kumbon mai suna Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin da kyamara mai kaifi. Tsauni ne mai shimfiɗaɗɗen kai da zaizaya ta cinye. Har ɗigon da ya zama ƙofar hanci a hoton farko, ashe gurbin bayanan da suka ɓace ne a hanyar isowa duniya.

To, ina amfanin wannan karatu na hotuna, tunda yana iya ɓatar da mutane shekara 22?

Amfanin farko shi ne babu wata hanyar. Ba a tura na'urar biliyoyin daloli ta sauka a inda ba a gani ba. Ramin Jazero, mai faɗin kilomita 45, daga sama aka fara lura da shi: a bakinsa akwai wata shimfiɗa kamar buɗaɗɗen mafici, irin wadda kogi ke bari idan ya shiga tafki ya sauke yashi da laka. A kan wannan fassara aka saukar da motar bincike Perseverance ranar 18 ga Fabrairun 2021, kuma da ta isa ta tarar da duwatsu hawa-hawa na lakar da ruwa ya kwantar. A nan kam hoto bai yi ƙarya ba.

Amfani na biyu ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi jan hankalina. Masu fassara hotunan Mars da abin da suka sani a doron ƙasa suke kwatanta abin da suka gani, kuma yawancin misalan nan a bayan gidanmu suke. Busassun kwaruruka masu rassa da kumbon Mariner 9 ya fara nunawa bayan isarsa a 1971, wanda ya san Dallol Bosso a jihar Doso ko Gulbin Kaba a jihar Maraɗi ba zai yi baƙunta da su ba: hanyar kogi ce da ruwa ya bari tun zamanin da Sahara take da danshi. Tuddan yashi masu siffar jinjirin wata da ake gani a Mars, ga irinsu nan a hamadar Tenere, kuma ƙahonninsu na nuna inda iska ta nufa a can kamar yadda suke nunawa a nan. Idon da ya koyi karanta wannan, shi ne dai idon da ake buƙata a gano inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashin tsohon kwari, ko inda hamada ke cin gonaki a Yobe.

Abuja ba ta rasa gidan wannan sana'a ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Lugbe a kan hanyar filin jirgin sama. A 2003 aka harba mata tauraron ɗan Adam NigeriaSat-1, a 2011 kuma NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Ƙasarmu aka harba su su kalla, ba Mars ba, amma ƙa'idar karatun ɗaya ce. Ga kuma garaɓasa: hotunan kyamarar HiRISE da ke zagaya Mars tun 2006 kyauta suke a intanet. Ɗalibin labarin ƙasa a jami'a a Abuja zai iya sauke hoton da farfesa a Arizona yake kallo, in dai yana da kuɗin data.

Illolin kuwa daga ido suke farawa. Ɗan Adam an halicce shi da saurin gane fuska; jariri ma fuskar uwa yake fara nema. Shi ya sa muke ganin fuska a gajimare, a gaban mota, a jikin Zuma. Idan hoton ba shi da kaifi, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin. A hoton Viking kowane ɗigo ɗaya ya haɗiye kusan mita 50, wato filin ƙwallo gaba ɗaya ɗigo biyu ne. NigeriaSat-1 ma, mai mita 32, ya fi shi gani. HiRISE kuwa tana kai kusan santimita 30. Sannan ga yaudarar haske. Gwada da kanka: buɗe hoton wani rami na kan wata a wayarka, ka juya wayar kai ƙasa. Ramin zai kumbura ya koma kamar ƙwarya a kife, don ƙwaƙwalwa ta saba ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa.

Kada a ɗauka jahilai kaɗai ke faɗawa. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya Jobanni Sikiyafareli ya zana wasu layuka da ya ce ya hango a Mars. Da aka juya kalmar da ya kira layukan da ita zuwa Turanci sai ta koma ma'anar magudanar da aka haƙa da hannu, har Ba'amurke Fasibal Lowel ya kashe dukiya da shekaru yana zana taswirar hanyoyin ban-ruwa na mutanen Mars. Kumbon Mariner 4 ya wuce ta wurin a 1965, bai ga ko ɗaya ba. Na baya-bayan nan ma akwai: a Satumbar 2015 NASA ta sanar cewa wasu baƙaƙen layuka da ke fitowa a gangaren tuddai lokacin zafi alamar ruwan gishiri ne mai gudana. Bayan shekara biyu wani nazari ya nuna sun fi kama da busasshen yashi mai zamewa. A nan duniyarmu ma, zoben Rishat na Muritaniya, mai faɗin kusan kilomita 40, an fara ɗaukarsa ramin da dutse daga sama ya haƙa, sai da aka taka wurin aka gane tudu ne da zaizaya ta feƙe. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Illar da ta fi damuna ita ce ta zamanin waya. A yanko lungu ɗaya na hoto, a zagaye shi da jan layi, a rubuta "abin da Turawa ke ɓoyewa", kafin la'asar ya gama zaga WhatsApp. Labarin ya yi fiffike, gyaransa kuwa da ƙafa yake tafiya. Mutane da yawa sun ji an ga fuska a Mars. Kaɗan ne suka ji an koma an duba.

A nawa ma'aunin fa'idar ta rinjaya, da sharaɗi: duk hoton da aka turo maka, ka tambayi wace kyamara ta ɗauka, mita nawa ne ɗigo ɗaya, ta ina rana take, kuma an sake ɗaukar wurin ko ba a sake ba. Hoto yana nuna inda za a duba ne. Hukunci sai dutse ya zo hannu.

Kuma dutsen ya taɓa zuwa hannunmu. A watan Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami, a ƙasar Katsina, daga baya bincike ya tabbatar ɓallin Mars ne. An saka ɗan gutsurensa a cikin Mars Global Surveyor, kumbon nan da ya tona asirin fuskar Sidoniya. Kumbon ya daina magana da duniya a Nuwamban 2006, da gutsuren dutsen Zagami a cikinsa.