Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu

Mai Martaba Alhaji Sama'ila Muhammad Mera,

 

Ranka ya daɗe, lokacin da iyaye ke rufe ƙofa idan sun hango masu rigakafin shan inna, sarakunan Arewa ne suka tura hakimai da dagatai da limamai gida-gida, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Kana cikin waɗanda suka ja gaba a wannan aiki. Shi ya sa na kawo kukana gabanka a kan wata cuta da ba ta nuna kanta a jiki, wato ciwon da ke kama tunani da zuciya.

A ƙasar Kabi, sai mutum ya yaga riga ya shiga kasuwa muke cewa ya samu taɓin hankali. Alhali mafi yawan masu fama suna zaune a cikin gidajenmu da tufafinsu. Manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a fadama, ga bashi a wuya, ya daina barci, abinci ya fita daga ransa, ya ƙaurace wa majalisa. Mu sai mu ce ya cika tunani, ko mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Likitoci ciwon damuwa suke kiransa, kuma yana da magani. Haka mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie, waɗanda 'yan bindigar Lakurawa suka kai wa hari a Nuwamban 2024. An yi jana'iza, an yi ta'aziyya, kowa ya watse. Wa ya koma ya tambayi matar da har yau ƙarar babur ke sa jikinta rawa?

Abin da ya fi damuna shi ne maijego. Wata bayan haihuwa sai ta dinga kuka ba dalili, ta ƙi shayar da jinjirinta, ko ta fara surutai. Nan take a ce iska ce, ko sammun kishiya. A yi ta hayaƙi da rubutu wata da watanni, kuɗi su ƙare, kishiya kuma ta sha zargin abin da ba ta aikata ba. Ban raina addu'a ba, Allah ya sani. Amma malamin da zai yi wa mai zazzaɓin cizon sauro addu'a ya ce a kai shi asibiti, haka ya kamata ya faɗa wa mijin wannan baiwar Allah.

Doka ma tana bayanmu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. Sai dai doka a Abuja ba ta kwance mari a ƙafar wanda aka ɗaure a zaure. Talakan Gulma ko Alwasa da ke neman babban asibitin ƙwaƙwalwa sai ya wuce Sakkwato ya kai Kware, ga kuɗin mota, ga kunyar kada a ji.

Ba sai an jira ƙwararrun likitoci ba, domin 'yan ƙalilan ne a ƙasar baki ɗaya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka, su saurari mutum cikin sirri, su ba shi shawara, su tura mai tsanani gaba. Ina roƙon Sarki ya sa baki wurin gwamnatin Jihar Kebbi a yi wa ma'aikatan asibitocin masarautarmu wannan horo, ungozomomi ma a koya musu alamomin. A umarci masu unguwanni su kawo rahoton duk gidan da aka ɗaure majinyaci, don a taimaka musu, ba don a tozarta su ba. Limamai kuma su faɗa a huɗubar Juma'a cewa neman magani ba ya rage tawakkali. Idan maganar ta fito daga fada, Kabawa za su ji.

Allah ya taimaki Sarki.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka daga Argungu