A Auna Ci Gaban Sakandarenmu da Mudun Gaskiya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi kowane uba da kowace uwa a karkara, wato rahoton da shugabannin makarantun sakandare suke karanta mana a ƙarshen kowace shekarar karatu. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa tireda, karatuna na boko bai wuce firamare ba. To amma wanda ya sayar da hatsinsa ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa yana da bakin tambayar abin da kuɗin ya haifar.

Kowace shekara idan an zo bikin yaye ɗalibai a sakandaren je-ka-ka-dawo ta yankinmu, sai a kafa rumfa, a gayyato hakimi da dagatai da manyan gari. Shugaban makaranta ya tashi ya ce an samu ci gaba: an yi wa ajujuwa fenti, an gyara kwanon da iska ta yaye, yara sun ciwo kofin ƙwallo, yara kaza sun ci jarrabawa. Mu kuma mu tafa, mu watse. Ban ce ƙarya yake yi ba, kuma yabon gwani ya zama dole, domin akwai malamai da suke wahala tsakaninsu da Allah. Sai dai mu manoma mun san ba a auna gona da tsawon kara. Abin da ake dubawa shi ne dami nawa aka ɗaure, iri da taki nawa aka zuba, sannan idan aka sussuka buhu nawa ya fito. Ita ma makaranta haka ya kamata a auna ta, kuma a ganina abubuwa uku ne ma'auninta.

Na farko shi ne koyarwa. Jama'a, kafin mu tambayi yaro me ya ci, mu tambaya wa ya koya masa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 40 a sakandare. Duk wanda ya leƙa aji a makarantun karkara ya san abin ya zarce haka nesa ba kusa ba, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu ta taga suke jin karatu. Malamin da ke gaban irin wannan taro yaushe zai duba littafin kowane yaro? Bayan haka ga matsalar darussan da ba su da malami. Sai ka tarar an ɗauki malamin tarihi an ce ya riƙe lissafi, ko a jira ɗan bautar ƙasa, wanda shekara ɗaya kawai zai yi ya koma garinsu, a sake komawa jira. Yaron da ake ce wa ɗan ajin kimiyya bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba sai a hoton littafi, amma ranar jarrabawa za a ba shi kwalba da ruwan magani a ce ya gwada. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka abin da nake so in ji a rahoton shekara shi ne: malamai nawa muke da su bara, nawa ne bana? Wane darasi ne ya yi zango guda babu malami? Sau nawa sufeto ya zo daga ofishin shiyya? Malamin da aka turo mana a garin yake kwana, ko daga birni yake zuwa? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma malamin da albashinsa ke ƙarewa a hanya ba za ka gan shi kwana biyar a mako ba. Ranar da bai zo ba kuwa yara sun yi asarar karatun ranar, ko da an rubuta a takarda cewa an yi.

Na biyu shi ne sakamakon jarrabawa, kuma nan ne aka fi yi mana rufa-rufa da lissafi. Da yawa daga cikin iyaye ba su san cewa cin jarrabawa iri-iri ne ba. Yaro zai kawo takarda ya ce ya ci darussa bakwai, a yi ta murna a gida. Amma jami'a ba ta karɓar yaro sai yana da kiredit biyar, kuma a yawancin fannoni dole a cikinsu akwai Turanci da lissafi. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗi, to sai dai a sake biyan kuɗi baɗi. Don haka idan shugaban makaranta ya ce yara sun ci, mu tambaye shi: nawa ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi?

Mu duba abin da ya faru a ƙasa baki ɗaya. A jarrabawar WAEC ta 2023 kusan kashi 80 cikin ɗari ne suka samu wannan kiredit biyar. A 2024 aka sauko zuwa kashi 72. A 2025 hukumar ta fara ba da sanarwar kashi 38, hankalin iyaye ya tashi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an samu kuskure wajen maki, ta gyara zuwa kusan kashi 63. A shekarar ne kuma aka ga yara a wurare da dama suna rubuta jarrabawar Turanci cikin dare da tocila, saboda takardun tambayoyi ba su iso da wuri ba. Ita kuwa NECO, wadda aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, sakamakonta na 2024 da na 2025 duk wajen kashi 60 ne. Ma'ana, ko a lissafin ƙasa duka, wanda ya haɗa da makarantun kuɗi na birane, cikin yara goma huɗu ba su tsallake ba. To ina ga makarantar ƙauye da ba ta da malamin lissafi? Idan irin wannan makaranta ta ce kusan kowa ya ci, mai hankali ya tsaya ya yi tambaya.

A 2025 an yi ta murna cewa Kano ta zo ta ɗaya a NECO. Abin farin ciki ne, amma mu fahimci cewa yawan yaran da suka ci aka ƙirga, Kano kuwa dama tana cikin jihohin da suka fi yawan masu zana jarrabawar. Mai gona eka goma dole ya fi mai eka biyu yawan dami, sai an raba da faɗin gona za a san wanda ya fi iya noma.

Ga kuma wani lissafi da ban taɓa jin an karanta mana ba. Bari in ba da misali. A ce yara 100 suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Bayan shekara shida 30 suka rage, aka yi jarrabawar tantancewa da gwamnatin jiha ke yi kafin ta biya wa ɗalibai kuɗin NECO, 20 suka samu shiga, 15 suka ci. Shugaban makaranta zai ce kashi 75 cikin ɗari sun yi nasara, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ni da na ga ranar da yara 100 suka shiga, lissafina shi ne 15 cikin 100. Sauran 85 ɗin suna ina? Wasu sun tafi cirani Legas da Abuja, wasu suna tashar mota, 'yan mata kuma an cire su tun kafin su gama aji uku. Waɗannan yara 'ya'yanmu ne, kuma rahoton da bai ambace su ba bai cika ba.

Sai maganar satar amsa, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Akwai wuraren da ake karɓar kuɗi a hannun iyaye da sunan taimako, ranar jarrabawa a rubuta wa yara amsa a allo. Yaro ya fito da takarda mai kyau, amma ka ba shi rasit ya karanta maka ya kasa. Wannan kamar mai zuba tsakuwa ne a buhun wake don ya yi nauyi, ranar da aka zazzage asiri zai tonu. Jarrabawar JAMB tun 2015 gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, babu mai rubuta maka a allo. A 2025 ma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta. To yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, a makarantar da babu wutar lantarki, yaya za a yi da shi? Wannan ma ya kamata ya shiga rahoton shekara.

Na uku shi ne dangantakar makaranta da mutanen gari. A nan in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa ana kiran taron ƙungiyar iyaye da malamai, sai ka ga iyaye 'yan ƙalilan, su ma sun zo ne su ji ko an ƙara kuɗi. Ranar kasuwa aji ya zama rabi saboda talla da dako. Zangon karatu na uku kuma yana faɗowa daidai lokacin shuka da noman farko, jarrabawar WAEC da ta NECO duk a tsakanin farkon damina da tsakiyarta ake yin su. Na san halin da manomi yake ciki, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma ruwan sama ba ya jiran kowa. Amma yaron da ya shekara shida yana karatu, bai kamata a karya shi a watanni biyun ƙarshe ba. Gara a bar masa safiya ya je makaranta, da yamma da ranakun hutu ya bi mu gona.

Su ma makarantu suna da nasu. Akwai kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda aka ce a sa mai gari da malaman addini da mata da masu sana'a da wakilan ɗalibai a ciki. A wurare da yawa sunansa kawai ake ji, sai an zo sa hannu a takardar kuɗi ake neman 'yan kwamiti. Idan aka karɓi kuɗin ƙungiyar iyaye, a zo a karanta mana da Hausa nawa aka tara, nawa aka kashe, me aka saya. Ɗan tireda ma da yamma yana ƙirga cinikinsa, balle dukiyar jama'a. Ranar da iyaye suka ga inda kuɗinsu ya shiga, ba sai an roƙe su ba, mai yashi zai kawo yashi, birkila zai ba da yini guda, mai amalanke ya ɗebo ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar 'yan mata kuma tana da nasaba da tsaro da mutunci. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, ba za a zargi uban da ke tsoron tura 'yarsa makaranta mai nisa ba. Makarantar da ba ta da katanga, ba ta da banɗaki na mata daban, ba ta da malama mace ko ɗaya, da wuya ta riƙe yarinya idan ta fara girma. Shirin AGILE da aka faro a 2020 da rancen Bankin Duniya, wanda Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno suna cikin jihohin farko, an yi shi ne domin irin waɗannan gyare-gyare. Muna so a faɗa mana wace makaranta ce ta samu, kuma me aka yi da kuɗin. Mu tuna, idan ba mu bar 'ya'yanmu mata sun gama sakandare ba, wa zai karɓi haihuwar matanmu a asibiti?

Ita gwamnati ba za a ce ba ta yi komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. A Kano an ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje, sannan a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Waɗannan duk a rediyo muka ji su. Mu a ƙauye abin da zai gamsar da mu shi ne mu ga malamin lissafi da na Turanci a gaban allo daga Litinin zuwa Juma'a.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Ilimi da ta umarci kowace sakandare ta riƙa manna takarda da Hausa a ƙofarta kowace shekara, mai nuna yawan malamai da darussansu, yawan yaran da suka shiga da waɗanda suka fita, maza da mata, da waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A gina wa malamai gidaje a ƙauyuka, a ba su ɗan alawus na zaman karkara, a kuma biya kuɗin jarrabawa a kan lokaci, domin an sha jin an riƙe sakamakon yara a wasu jihohi saboda bashi. Ina kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai su riƙa bin sawun duk yaron da ya daina zuwa makaranta. Iyaye 'yan uwana kuma mu riƙa halartar taro, mu yi tambaya cikin ladabi, mu guji biyan kuɗin satar amsa. Ga malamai masu haƙuri da ke zaune da mu duk da ƙarancin albashi, Allah Ya saka muku da alheri. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
daga karkarar Jihar Kano.