Baƙin Mai Ba A Yanke Masa Hukunci Da Ido

Akwai wata rigima da ta daɗe tana ɓata zumunci tsakanin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da 'yan'uwansu na gida. Mutum zai yi shekaru yana fama a Agege, ya tara abin da ya tara, ya sayi mota 'yar Kwatano, ya aika da ita Suleja ya danƙa wa ƙanensa domin ya riƙa jigilar ma'aikata zuwa Abuja. Ba a rufa wata biyu ba sai ga saƙo: a aiko da kuɗin juyen mai, bakanike ya ce man ya yi baƙi. Mai mota kuwa bai manta ba mai kanti ya rantse masa cewa man sintetik ɗin da ya saya da tsada zai ci kilomita 10,000. Daga nan sai zargi ya shiga. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin galan guda na baƙin mai ya isa ya haɗa wa da ƙane faɗa.

Gaskiyar magana ita ce, da bakaniken da mai kantin duk ba su da hujja. Baƙi ba shaidar mutuwar mai ba ne, domin an zuba masa sinadaran wanke inji, kuma aikinsu ke nan su kwashe dauɗa su riƙe ta. Man injin dizal ma yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki alhali da sauran ƙarfinsa. Alkawarin mai kanti shi ma a iska yake. Lalle man sintetik, wanda ya bazu a kasuwa bayan fitowar Mobil 1 a 1974, ya fi na yau da kullum jure zafi, kuma ba ya saurin lalacewa. Amma ba ya hana ƙura shiga inji, ba ya hana fetur zurarewa cikinsa. Motar da ke shan ƙurar hunturu, tana tsayuwa cikin cunkoson Madalla da Zuba safe da yamma, inji yana aiki a tasha ana jiran fasinja, ta yi wahalar da agogon kilomita bai ƙirga ba. Su kansu masu ƙera motoci sun rubuta a littattafansu cewa irin wannan aiki yana bukatar juye da wuri.

Abin da ke raba gardama shi ne awo. Ba sabon abu ba ne: wani kamfanin jirgin ƙasa na Amurka, Denver and Rio Grande Western, ya soma auna tsohon man injinansa tun 1946. Ana ɗibar ɗan man a kwalba mai tsabta sa'ad da inji yake da ɗumi, daga tsakiyar zuba, ba farko ba ba ƙarshe ba, sa'an nan a rubuta sunan man da yawan kilomitan da ya ci. Ɗakin awo zai mayar da takarda cike da alƙaluma, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Kashi na farko shi ne garin ƙarafan da inji ya zubar, ana lissafa shi da kashi nawa cikin miliyan. Baƙin ƙarfe yana fitowa daga bangon silinda da makamantansa, alminiyam daga fistin, jan ƙarfe da dalma daga matasan da karanshaf ke juyawa a kansu. To, kada mai mota ya ga lamba ya firgita. Takarda ɗaya ba ta cika faɗin kome ba, domin kowane irin inji da nasa hali, kuma man da ya daɗe a ciki dole ya fi tara ƙarfe. Sai an jera awo biyu ko uku na mota ɗaya, a kan kilomita masu kama da juna, sa'an nan za a san ko lambar tana tsaye ko tana hawa. Haka kuma manyan lambobin kalsiyam da zinki da fosfaras ba ɓarna ba ne. Masu yin man ne suka zuba su da gangan.

Ga motar Suleja, layin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne na silikon, watau yashi da ƙura. Idan ya hau tare da alminiyam da baƙin ƙarfe, to ƙura tana shiga ta matatar iska da ta yage ko ta bututun da ya tsage, tana cin inji kamar yadda magagari ke cin katako. A nan ko an zuba man da ya fi kowane tsada asara ce, sai an toshe ƙofar. Sai dai a lura, gam ɗin da kanikawa ke shafawa wurin haɗa inji shi ma yakan ɗaga silikon ba tare da wata illa ba.

Akwai kuma wani tarko. A ƙasashen Turai ana gane ruwan lagireto ya shiga mai ta wurin sodiyam da fotashiyam, domin suna cikin ruwan sanyaya inji na kanti. Direbobi da yawa a nan ruwan rijiya ko na famfo suke ɗurawa, saboda haka waɗannan lambobi suna iya zama ƙasa alhali gaskit ya ƙone. Sai a dubi layin ruwa kansa.

Kashi na ƙarshe shi ne lafiyar man. Ana auna kaurinsa a zafin digiri 100. Mai lamba 5W-30 ya kamata ya tsaya tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 20W-50 kuwa tsakanin 16.3 da 21.9. Idan ya tsinke, galibi fetur ne ya gauraya da shi. Idan ya yi kauri fiye da kima, zafi da dauɗa sun cinye shi. Ana kuma auna sauran ƙarfinsa na kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa, abin da takarda ke kira TBN. Waɗannan biyu su ne ke cewa a juye ko a ƙara haƙuri. Har wa yau su ne ke tona asirin jabu, domin galan na iya ɗauke da lamba ɗaya, abin da ke ciki ya nuna wata.

Awo ba duba ba ne. Na'urar ba ta ganin manyan ɓarɓashin ƙarfe, don haka direban da ya ji ƙara a inji bai kamata ya jira takarda ba.

Za a ce wannan aikin manyan kamfanoni ne masu tireloli da janareto, kuma mai mota ɗaya gara ya sayi sabon mai da ya biya kuɗin awo. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Amma Suleja gari ne na mota, ga daffon mai, ga tankoki da tireloli a jere har mararrabar Dikko. Me zai hana rassan ƙungiyoyin NURTW da NARTO, waɗanda ke karɓar kuɗin 'ya'yansu, su riƙa tara kwalabe su aika awo gaba ɗaya a kan rangwame? Awo uku a kan irin motar da ta fi yawa a tasha ya isa ya nuna wa direbobin hanyar Abuja kilomita nawa ya dace da su. Hukumar SON kuma, wadda alhakin ingancin kaya yake wuyanta, ya kamata a riƙa ganin ma'aikatanta a rumfunan da ake sayar da mai a gorar ruwa.

Kafin a kai can, mai mota na Kudu da zai zo gida hutun Salla ya buɗe matatar iska ya duba da idonsa, ya karanta lambar man da littafin motar ya ce a zuba, ya kuma saya wa ƙanensa ɗan littafi inda zai riƙa rubuta rana da kilomita da sunan mai duk sa'ad da aka yi juye.