Ƙarfe ɗaya da ya tarwatsa roka

A wannan mako za mu leƙa wata sana'a da ba kasafai ake jin labarinta ba, wato ta injiniyan da ke lissafin ƙarfin jikin roka da kumbon sama jannati.

Duk ɗan kasuwan da ya taɓa yi wa kamyo lodi ya san cewa kaya in sun yi yawa, ƙarfe sai ya lanƙwashe. Ita kuwa roka, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta makamashi ne, saboda haka dole jikinta ya zama marar nauyi. In injiniya ya ƙara kauri, roka ba za ta ɗauki kayan kirki ba. In ya rage fiye da kima, ta tarwatse. Rokar Atlas da ta ɗauki John Glenn a 1962, tankinta bai kai kaurin kwabo ba, har ma in babu iskar gas a ciki sai ya lotse da kansa. Karel Bossart, haifaffen Beljiyam, shi ya tsara ta haka.

Ranar 28 ga watan Yuni 2015, rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ta tashi daga Fulorida ta Amurka, ɗauke da guzuri zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ba ta cika minti 3 ba ta tarwatse. Allah ya kiyaye, babu mutum a ciki. Kamfanin ya bayyana cewa wani ɗan ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 60, wanda ke riƙe da tulun gas, shi ne ya karye. Takardar shaidarsa ta ce zai jure nauyin kilo kusan 4.500, amma ya karye a wajen kilo 900. Daga nan kamfanin ya ɗauki alkawarin gwada kowane irin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaura shi.

Ashe ke nan hatimi a kan takarda ba ya ɗaukar nauyi. Rabin aikin injiniyan nan lissafi ne a kwamfuta, rabi kuma gwaji: a ja ƙarfe, a matsa shi, a girgiza shi, a sanya shi cikin tsananin sanyi, har ya nuna iyakarsa.

Hanyar shiga sana'ar ba ɓoyayya ba ce. Ana fara ta da lissafi da kimiyyar lissafi tun daga lise, sannan ilimin juriyar ƙarafa a makarantar injiniyoyi, irin SUPAERO ta birnin Tulus a Faransa. Wannan ilimi shi ne dai ke tsai da gada da rufin kasuwa.

Don haka, iyaye, in Allah ya ba ku yaro ko yarinya mai kaifin lissafi, kada ku gaggauta cire shi daga lakol don tsaron kanti.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.