Tsofaffin Ƙwaƙwalen Kwamfuta Ba Su Mutu Ba

Waɗanda suka yi ƙuruciya a Funtuwa ko Malumfashi a shekarun 1990 ba za su manta da gem ɗin kaset da muke jonawa da talbijin ba. Ɗaki cike da yara, ana karɓa-karɓa. Kaset in ya ƙi, a zare shi, a hura masa iska, a mayar. NEPA ta ɗauke wuta, kowa ya saki salati. Ƙwaƙwalwar da ke cikin ɗan akwatin nan jikar 6502 ce, wadda kamfanin MOS na Amurka ya fitar a 1975 a kan dala 25. Nintendo ta gina na'urarta ta 1983 a kan wannan zubi, masu kwaikwayo a Taiwan da Sin suka kwafa, har abin ya iso shagunanmu da araha.

Yaran yanzu, da waya a hannu, dariya za su yi mana. Su yi, ai kowa da zamaninsa.

Sai aka shiga yayin bizines santa. Kwamfutocin gwanjo masu Pentium, janareta na ruri a ƙofar shago, mai bugawa yana harhaɗa takardar neman aiki, ko katin biki, ko lissafin dillalin masara. Su kuma zuriyar 8086 ce ta Intel, ta 1978. Da yawa daga cikin kwamfutocin da suka gaje su lafiyarsu ƙalau har gobe. Sai dai Microsoft ta janye kulawa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin ƙwaƙwale. Inji bai gaji ba, daga nesa aka yanke masa hukunci. Wannan kam bai yi mini daɗi ba, domin mai shago a Bakori ba shi da kuɗin sauya inji don kawai wani ya sauya doka.

To, tsohon zubi yana da gobe? Yana da ita, amma ba a kan tebur ba. Ƙwaƙwalwar Z80 ta fito a 1976, sai a 2024 kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera ta, bayan shekara 48 tana aiki. Ita 6502 har yau ana sayar da sabuwa. Babbar yayar juriya kuwa ita ce 8051 ta 1980: Intel ta saki, kamfanonin Sin suka ɗauka, suna cusa zubinta cikin ƙananan kaya irin su rimot, ma'aunin kilo da kayan caji. Ba ta cin wuta, ba ta tsada, masu gyara sun san halinta ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu a nan mun san wannan tun daga gona. Tarakta ta zo da kurinta, amma garmar shanu ba ta bar gonakin auduga da masara ba, domin maƙerin unguwa yana iya gyara ta kafin azahar.

Abin da ke damuna shi ne hannun da zai riƙe waɗannan ƙwaƙwale. Yaranmu masu gyaran waya sun ƙware a sauya gilashi da batir, kaɗan ne ke iya rubuta wa ƙaramar ƙwaƙwalwa umarni. Ga famfunan sola suna yawaita a fadamun noman rani, kowanne da akwatin sarrafawarsa. In ya ƙone a tsakiyar ban ruwa, yawanci sai dai a aika Kano ko Zariya a sayo sabo, tumatir kuwa ba ya jiran mota ta dawo.